Jiki a Wannan Asibiti, Hankali a Wancan: Ina Jihohinmu Suka Kwana?

A yawancin garuruwanmu, wanda zazzaɓi ya kayar ko hawan jini ya taso masa ya san inda zai dosa. Akwai asibitin sha-ka-tafi a unguwa, akwai babban asibiti a hedikwatar ƙaramar hukuma, ga kuma kemis a bakin titi. Amma magidancin da barci ya ƙaurace wa idonsa wata uku, ko mai jegon da ta daina magana da kowa har ta ƙi duban jaririnta, ko saurayin da ya fara jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, hanyarsu daban ce, kuma doguwa ce. Sai an gama zagaye gidajen malamai da masu maganin gargajiya, an sayar da akuya da ɗan kunnen uwa, sannan wani ya yi ƙarfin halin ambaton Dawanau, ko Kware, ko Barnawa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri. Sunayen nan kansu sun zama abin zolaya a bakin yara, har iyali kan gwammace su kulle mara lafiyarsu a ƙuryar ɗaki da a ce an ga motarsu ta nufi can.

Mun saba da wannan rabuwa har muna ɗaukar ta kamar haka Allah Ya tsara. Alhali kuwa hukuma ce ta gina ta, kuma an san lokacin da aka gina ta. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, sannan na Yaba a Legas a 1907, suka kuma kafa doka a 1916 wadda aka sake wa riga a 1958. Manufar dokar ita ce a ɗauke mara lafiyar daga idon jama'a a killace shi. Zancen magani ya zo ne daga baya. A wurare da dama ma kurkuku ne ya zama masaukinsa. Wannan doka ta 1958 ita ce ta ci gaba da aiki a Najeriya har fiye da shekaru sittin bayan samun 'yancin kai, kuma tunaninta ne ya zauna a cikin tsarin asibitocinmu: jiki a nan cikin gari, hankali a can bayan gari.

Ɗalibanmu na ilimi sun san cewa gadon da muke da shi ya sha bamban da wannan. Malaman usulu sun lissafa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da rai da zuri'a da dukiya, kuma fiƙihu ya ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin takalifi, bai ɗauke masa haƙƙinsa na kulawa ba. Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya wallafa littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus a kashi biyu, ɗaya kan gyaran jiki, ɗaya kan gyaran zuciya, kuma ya zargi likitocin zamaninsa da duƙufa kan na farko da watsi da na biyu. Ya yi bayani kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake sauko wa mutum haka kawai ya danne shi, ya ce wannan na biyun tushensa a jiki yake, kuma yana buƙatar magani irin na jiki tare da lallashi da hira mai daɗi. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, marigayi Malik Badri, shi ne ya fassara wannan sashe zuwa Turanci a zamaninmu. A Alƙahira kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina wajen shekarar 1284, ya kuma tsayar masa da waƙafi, yana da sashen masu zazzaɓi da na masu ciwon ido da na masu taɓin hankali duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ba ma cewa waɗancan asibitoci aljanna ne, domin matafiya sun ga sarƙa a wasunsu. Sai dai ƙofar shiga ɗaya ce ga kowa, kuma likitan da ya duba jikin shi ne ya duba hankalin.

Abin da likitocin yau suka tabbatar

Dalilin da ya sa masana ke matsa wa gwamnatoci su haɗa ɓangarorin biyu a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita. Mutanenmu ba kasafai suke zuwa asibiti su ce suna cikin damuwa ba. Abin da suke faɗa shi ne kai yana zafi, wani abu yana yawo a jiki, gaba yana faɗuwa, ƙarfi ya ƙare, abinci ba ya shiga. Sai a rubuta gwajin maleriya da taifod, a ba da allura da ƙarin ruwa, bayan wata guda mutum ya dawo da ƙorafin da ya zo da shi. Akwai wanda zai shekara biyu yana shan maganin taifod alhali ciwon damuwa ne ke cin sa. Tun a 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya rubuta bayanin irin wannan hali a tsakanin ɗaliban Najeriya: zafin kai da wuya, duhun ido in an buɗe littafi, da kasa riƙe abin da aka karanta. Ɗalibin da ya taɓa fuskantar jarrabawa da aljihu wayam ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da sanƙarau, da taifod mai tsanani, da faɗuwar sukari a jini, da matsalar maƙoƙo, duk suna iya sa mutum sambatu da fizge-fizge. Idan aka ce iska ce aka kwana uku ana turare, ana iya rasa ran da gwajin jini na minti goma zai cece shi in Allah Ya so. Mai ciwon suga ya fi waninsa kusan ninki biyu wajen kamuwa da ciwon damuwa, kuma in damuwar ta kama shi sai ya yi sakaci da magani da ƙa'idar abinci. Mai tarin fuka da ke buƙatar wata shida yana shan ƙwaya, da mai ɗauke da cutar ƙanjamau da zai sha har ƙarshen rayuwarsa, idan zuciyarsu ta karye su ne kan gaba wajen yanke magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu taɓin hankali mai tsanani kan rasu da wuri, da tazarar shekaru 10 zuwa 20 idan aka kwatanta da sauran jama'a, kuma akasari cututtukan jiki ne da ake iya magancewa ke kashe su, irin su ciwon zuciya da ciwon suga da cututtukan huhu, domin babu mai auna musu jini ko sauraren kukansu. Wasu ma daga cikin magungunan taɓin hankalin kansu suna ƙara ƙiba da sukari, saboda haka mai shansu ya fi kowa buƙatar ma'auni.

Sai batun mata masu ciki da masu jego, wanda a ganinmu ya fi kowanne gaggawa. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Wannan mace tana zuwa awon ciki, tana kawo jariri rigakafi, wato tana ratsa ƙofar asibiti sau da yawa a shekara guda. Ana auna cikinta, ana auna nauyin ɗanta, ba a tambayarta ko tana barci, ko tana kuka ba dalili. A gida kuma a ce mata rashin godiyar Allah ne. A yankunan karkara na Rawalpindi a Pakistan, an koya wa matan da ke aikin lafiya gida-gida yadda za su zauna da irin waɗannan iyaye su yi musu jagora ta hanyar hira mai tsari, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa yawan masu ciwon a cikin waɗanda aka yi wa hakan ya sauka ƙwarai. Ba likitoci ba ne suka yi aikin, matan unguwa ne masu ɗan horo.

Takarda ta daɗe, aiki ne ya yi saura

Najeriya ba ta rasa manufa a rubuce ba. Tun 1991, a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, aka ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin rukuni na tara na kiwon lafiya a matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, ta biyo shi da littafin jagora a 2010, wanda ke koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da shaye-shaye, ya ba da maganin farko, ya san lokacin da zai tura gaba. Najeriya ta karɓe shi ta daidaita shi da yanayinta. A farkon 2023 kuma aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta binne ta 1958. Dokar ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusu, da jerin haƙƙoƙin mara lafiya, ciki har da kare shi daga azabtarwa da ɗauri da sarƙa.

Amma gwamnatin tarayya ba ita ke riƙe da ƙananan asibitoci ba. Cibiyoyin matakin farko suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, ta hannun hukumomin kiwon lafiya a matakin farko da kowace jiha ta kafa. Su ke ɗaukar ma'aikata, su ke tura su, su ke sayen magani. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, yawancinsu a manyan birane suke, kuma kowace shekara wasu na ficewa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Ko da za a ninka su sau goma, ba za su isa kowace gunduma ba. Saboda haka makomar wannan al'amari tana ofishin gwamna da zauren majalisar jiha, kuma jihohin da suka motsa kowacce da hanyar da ta bi.

Legas ta fara da doka. Ta yi tata dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun kafin ta tarayya ta fito, ta ware masu kula da batun a ma'aikatar lafiyarta, ta kuma horar da ma'aikatan cibiyoyinta na matakin farko. Amfanin doka shi ne tana wuce gwamnan da ya sa mata hannu, tana kuma ba wa mai ƙorafi abin da zai riƙe. Osun ta zama filin gwajin horo: masana daga Jami'ar Ibadan ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje sun koyar da masu koyarwa, su kuma suka koyar da ma'aikata kusan 200 a ƙananan hukumomi 8, aka kuma riƙa bin su ana duba aikinsu. Binuwai ta bi hanyar haɗin gwiwa tun 2011, inda gwamnatin jihar da Cocin Methodist da ƙungiyar CBM suka zaunar da malaman jinya masu horon ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci, tare da asusun magani mai juyawa da ƙungiyoyin taimakon kai na marasa lafiya da iyalansu. Wani darasi daga Binuwai ya cancanci a tsaya a kansa: akasarin waɗanda suka zo masu farfaɗiya ne da masu taɓin hankali bayyananne, masu ciwon damuwa kaɗan ne. Ciwon da ido ke gani shi ake kawowa. Wanda ke cin mutum a ɓoye sai ma'aikaci ya tono shi da tambaya, kuma ba zai tono ba sai an sa tambayar cikin aikin awon ciki da na hawan jini da na tarin fuka.

A Arewa, Borno ce larura ta tilasta wa yin gaba. Bayan shekarun rikicin Boko Haram, da dubban mutanen da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, aka fara tun 2017 tura malaman jinya daga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri zuwa ƙananan asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira a ranaku sanannu, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mara lafiya ya daina biyan kuɗin mota zuwa birni, ƙwararre ne ke zuwa inda yake. Tsari ne mai kyau, rauninsa ɗaya ne, wanda kuma ya shafi na Binuwai: ƙafarsa ɗaya tana kan kuɗin masu ba da agaji, kuma wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci ba shi ke yanke lokacin cin abinci ba. Jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, waɗanda ke fama da 'yan bindiga da garkuwa da mutane, suna da irin raunukan da Borno ke da su, ga kuma shaye-shaye. Binciken da aka gudanar a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne aka haramta maganin tari mai kodin bayan abin da aka bankaɗo a Kano da wasu birane.

Idan muka auna waɗannan gwaje-gwaje, horo shi ne mafi sauƙi kuma shi gwamnatoci suka fi so, domin ana yin sa a otal cikin kwana biyar a ɗauki hoto. Abin da ke biyo baya shi ne mai wuya. Ma'aikacin da aka koya wa gano farfaɗiya, ya gano ta, ya leƙa ɗakin magani bai tarar da ko ƙwaya ɗaya ba, ba zai sake wahalar da kansa ba. Wanda babu mai zuwa duba aikinsa ko amsa wayarsa in ya rikice, cikin wata shida zai koma rubuta maganin maleriya. Wanda aka horar yau aka yi masa canjin wurin aiki gobe, ya tafi da iliminsa. Ga shi kuwa magungunan da ake magana a kansu tsofaffi ne masu araha, sun daɗe cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. Hanyoyin kuɗin ma akwai su: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya na tushe, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta yi tanadi ga masu rauni, kuma jihohi irin su Kano da Kaduna suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Tambayar da ya kamata ɗan majalisar kowace mazaɓa ya amsa ita ce ko maganin farfaɗiya da na taɓin hankali suna cikin abin da katin taimakekeniyar jiharsa ke biya, kuma ko ana samunsu a cibiyar gundumarsa.

Ƙofar da mutane suka fara ƙwanƙwasawa

Duk manufar da ta yi kamar ba ta san da malamai da masu maganin gargajiya ba, ta rufe ido ne ga gaskiya, domin wajensu ake fara zuwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka, sannan aka ga irin haka a Daura da wasu garuruwa. Abin kunya ne da ba shi da mafaka a addini. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a shekarar ya nuna cewa ɗaurin bai tsaya ga gidajen mari ba, an same shi a coci-coci da wuraren masu gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Aka rufe gidaje, aka kama mutane. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can da hannunsu, suna biyan kuɗi, sun yi haka ne domin ba su ga wata ƙofa ba, kuma rufe gidan bai buɗe musu wata ba.

Akwai hanya ta uku tsakanin sakaci da samame, kuma a ƙasar nan aka fara gwada ta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana suna kwana cikin jama'a, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2020 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta Ghana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar masu taɓin hankali a wuraren masu addu'a da masu gargajiya, suna ba da magani, suna tattaunawa da mai wurin a matsayin abokin aiki. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi a fili.

Wannan ya fi dacewa da mu fiye da kowa. Ruƙiyya ta shari'a da addu'a ba su taɓa zama kishiyar magani ba, kuma Sunna ta yi umarni da neman magani. Malamin da ya san alamomi kaɗan, wato zazzaɓi tare da ruɗewa, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga ga mai ciki, ko mai jegon da ke maganar cutar da kanta ko jaririnta, ko wanda ya fara zancen ya gaji da rayuwa, ya kuma san lambar jami'in lafiyar da zai kira a daren, ya fi allon sanarwa dubu amfani. Jihohin da ke da hukumomin Shari'a da Hisba da majalisun malamai suna da hanyar isa ga waɗannan malamai wadda Legas ba ta da irinta. Kuma alaƙar tana da amfani ta ɗaya ɓangaren: mai shan maganin litiyam, alal misali, ƙishirwa mai tsanani na iya sa maganin ya taru a jininsa ya zama guba, saboda haka kafin azumin Ramadan yana buƙatar likita ya duba shi, yana kuma buƙatar malamin da zai gaya masa cewa rangwamen da aka yi wa mara lafiya ya haɗa da shi. Da yawa kan ajiye magani gaba ɗaya a watan ba tare da shawara ba, ciwon ya dawo kafin Sallah.

Saura batun wanda ba shi da ko sisin sayen ƙwayar wata guda, wanda kuma ciwon ya raba shi da sana'arsa. Asibitin Ƙalawun da waƙafi ya rayu ƙarni bayan ƙarni. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara da wasu jihohin suna da makamantanta, kuma fakiri mara lafiya yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su ba tare da jayayya ba. Asusun magani mai juyawa irin na Binuwai, a cibiya ɗaya cikin kowace ƙaramar hukuma, da jarin farko daga waƙafi da kuma ma'aikaci daga gwamnatin jiha, abu ne da kwamishinan lafiya da shugaban hukumar zakka za su iya tsara shi a zama ɗaya, a sa shi cikin kasafin shekara mai zuwa.